Tsibiran Da Suka Fi Kano Kusa Da Legas

A wata majalisa da muke zama bayan La'asar a Agege, gefen rumfunan goro, na taɓa kawo zancen Turawan da ke tara kuɗi shekara da shekaru don su hau jirgi zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku, su kutsa daji cikin ruwan sama da taɓo, ba don komai ba sai don su ga tsuntsu guda. Wani dattijo cikinmu, wanda ya haura shekara arba'in yana loda goro zuwa Arewa, ya dube ni ya ce, "Malam, tsuntsun nan ƙwan zinare yake yi?" Aka kwashe da dariya. Da na ƙara da cewa tsibirin da nake nufi ya fi Kano kusa da inda muke zaune, sai ya ce in daina zolayar manya.

Ba zolaya ba ce. Idan ka miƙe zare a kan taswira daga Legas zuwa Kano, za ka sami kilomita 830 da 'yan kai. Daga Legas zuwa tsibirin Sao Tome bai cika 800 ba, zuwa Principe wajen 700, zuwa Malabo da ke tsibirin Bioko ma ƙasa da haka. Abin da ya sa muke jin su kamar a bangon duniya shi ne, Bahaushen Legas ƙeyarsa ce ke kallon teku. Fuskarsa tana Arewa. Can tumatur da albasa ke fitowa zuwa Mile 12, can raguna ke fitowa zuwa Alaba Rago, can kuma ake komawa da Sallah. Mutum zai yi shekara talatin a Idi-Araba ko Obalende, teku na nan kusa da shi, bai taɓa tambayar me ke bayan ruwan ba.

Tsibiran huɗu ne, jere kamar 'ya'yan carbi a mashigin tekun Gini: Bioko, Principe, Sao Tome, sai Annobon can ƙarshe. Na farko da na ƙarshe mallakar Gini Ikwatoriya ne, biyun tsakiya kuwa su ne ƙasar Sao Tome da Principe, wadda mutanenta gaba ɗaya ba su kai na ƙaramar hukumar Agege ba. Dukkansu kawunan duwatsu ne masu aman wuta da suka taso daga ƙasan teku a kan layi ɗaya, kuma layin bai tsaya a bakin ruwa ba. Ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000 kuma ya yi amai a 1999 da 2000, ya ratsa tsaunukan yammacin Kamaru, ya yi reshe zuwa tudun Adamawa, wani reshen ya nufi arewa har tudun Biu a Jihar Borno. Tsawonsa wajen kilomita 1,600. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafkin Tila kusa da Biu ya ga ruwa kwance cikin kwarmi zagayayye, to ya ga ɗan'uwan tafkin da ke tsakiyar Annobon. Wutar ƙarƙashin kuma ba ta mutu duka ba. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos na Kamaru, wanda shi ma bakin tsohon dutsen wuta ne, ya saki iskar da ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi, da yawansu shanun Fulani. A Bioko an ga amai na ƙarshe a 1923. Sao Tome da Principe kam sun daɗe da yin sanyi.

Hoton da aka fi sanin Sao Tome da shi wani dutse ne tsaye ƙyam kamar taɓarya a tsakiyar kurmi, gajimare na lulluɓe kansa. Sunansa da Fotugis yana nufin Babban Kare, kuma ƙololuwarsa tana mita 663 daga saman teku. Narkakken dutse ne ya daskare a maƙogwaron dutsen wuta, ruwan sama ya yi ta zaizaye jikin da ke kewaye da shi har ya bar shi tsirara. Mutanen Filato ba za su yi mamaki ba, don haka Dutsen Wase ya samu.

Inda maganar ta fara daɗi shi ne bambancin Bioko da sauran ukun. Bioko kilomita 32 ne kacal daga gaɓar Kamaru, kuma ruwan da ke tsakani ba shi da zurfi. Masana sun ce a zamanin da ƙanƙara ta riƙe ruwan duniya, teku ta ja baya har Bioko ya haɗe da babbar ƙasa, sai wajen shekara 10,000 da suka wuce ruwa ya dawo ya yanke shi. Ke nan dabbobin Bioko da ƙafarsu suka shiga. Shi ya sa yake da birai iri bakwai, ciki har da diril, mai baƙar fuska da farin gemu, wanda ba a samun irinsa sai can da yammacin Kamaru da dazuzzukan Kuros Riba. Sauran ukun kuwa tun da suka leƙo daga ruwa ba su taɓa haɗuwa da wata ƙasa ba. An ƙiyasta Principe ya kai shekara miliyan 30, Sao Tome wajen rabin haka, Annobon shi ne autansu. Sun fito ne a matsayin baƙin dutse, babu ko ciyawa. Duk abin da ke raye a kansu sai da ya ƙetare teku.

Tsuntsu da jemage ba a tambayar yadda suka je. Iri mai sauƙi iska ta kai shi, wani kuma a cikin tsuntsu ya tafi ya fita ta kashi. Amma kwaɗo fa? Fatar kwaɗo ba ta jure gishiri, in ka jefa shi cikin ruwan teku ba zai daɗe ba. Duk da haka akwai kwaɗi a Sao Tome da Principe da babu irinsu ko'ina a duniya, har da wata halitta rawaya mai kama da tana, danginsu ce, tana zaune cikin ƙasa. Amsar da masana suka fi karkata gare ta, mazaunin Legas ya fi kowa saurin gane ta. Kowace shekara bayan damina muna ganin yadda ciyawar ruwa ke tasowa dami-dami ta toshe hanyar jiragen ruwan Ikorodu. To ka ƙiyasta kogin Kwango ko Neja a lokacin ambaliya, ya yanko gaɓa guda da itatuwanta da ƙasarta da duk abin da ya maƙale a jiki, ya tura cikin teku. Manyan kogunan nan suna zuba ruwan daɗi mai yawan da ke shimfiɗuwa a saman na gishiri har nesa da gaɓa. Dubu za su nutse, ɗaya ya dace. In aka sami dacewa ɗaya a cikin shekara dubu ɗari, tsibiri mai shekara miliyoyi ya sami baƙi da yawa. Kainuwa dashen Allah, in ji Hausawa, kuma ban san wurin da maganar ta fi zama daidai ba.

Wanda ya isa, ya tarar da fili babu abokin gasa, babu kuma yawancin masu farautarsa. Zuriya bayan zuriya sai jiki ya sauya. Ƙanana sukan girma, manya sukan ƙanƙance. Masu kiwon kanari a Kano da Zariya su saurara: kanarin da ya fi kowane girma a duniya yana kurmin Sao Tome. An san shi ne da gawarwaki uku da aka kai Turai a ƙarshen ƙarni na 19, daga nan ya ɓace wa masana fiye da shekara ɗari, sai a 1991 aka sake ganinsa da rai. A dajin dai akwai wani jinjimi ɗan ƙarami da ya rage kaɗan, akwai kabare ƙato, akwai mai shan zumar fure da ya ninka danginsa na nan girma, akwai wani fure da a wasu ƙasashe ake dasa irinsa a tukunya, a can kuwa ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Tsuntsayen da babu su ko'ina sai a waɗannan tsibirai biyu sun kai iri 28 ko kusa da haka, a ƙasar da faɗinta murabba'in kilomita 1,000 ne. Nijeriya ta ninka ta fiye da sau 900, tana da tsuntsaye fiye da iri 900, amma waɗanda nata ne ita kaɗai ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Ga ƙwan zinaren da Alhaji ke tambaya.

Har yanzu ma ba a gama sanin abin da ke ciki ba. Akwai wani baƙin kumurci a Sao Tome da aka daɗe ana cewa Turawan Fotugal ne suka kawo shi don ya cinye ɓerayen gonaki. A 2017 bincike ya nuna ɗan asalin tsibirin ne, irinsa daban. Da an bi waccan maganar, da an yi gayyar kashe shi a matsayin baƙo.

Sai dai keɓewar da ta ƙera waɗannan halittu ita ce kuma rauninsu. Tsuntsun da kakanninsa ba su taɓa ganin kyanwa ba bai san gudu ba, wani ma a ƙasa yake sheƙa. Kowa ya ji labarin tsuntsun Morishiyos da ake kira dodo (sunan ne kawai, ba abin tsoro ba ne, shi ne ma ya kasa jin tsoro), wanda ya ƙare ƙasa da shekara ɗari bayan Turawa sun fara ba da labarinsa. Mafi yawan tsuntsayen da suka ƙare a duniya cikin shekara 500 da suka wuce na tsibirai ne.

Da na zo nan a bayanina, Alhaji ya gyara zama. Ya ce, "Wato kamar huhun goro. In sankara ta shiga ɗaya, in ba ka tsince da wuri ba, huhun ya tafi." Na ce, "Baba, ka ma fi ni iya faɗa." Bambancin kawai, shi in huhu ya lalace akwai wani a rumfa.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Baƙin tsibiri ba sa tashi da hantsi. Matuƙan Fotugal sun iso Sao Tome da Principe da Annobon a farkon shekarun 1470, ba su tarar da ko mutum ɗaya ba. Bioko ne kaɗai ke da mutanensa, 'yan ƙabilar Bubi. Tare da jiragen aka sauke ɓeraye da aladu da kyanwoyi da karnuka, daga baya jibda da birai. Birin da ke tsalle yau a dajin Sao Tome yana fasa sheƙar tsuntsaye irin wanda ke ƙwace wa yara biskit ne a gandun Lekki, wancan wurin mai gadar sama da ake kai 'yan makaranta. A Lekki ɗan gida ne, a can kuwa annoba. Haka dodon koɗin nan ƙato da ake sayarwa a kasuwannin Legas ana soya shi da barkono. An shigar da shi Sao Tome a ƙarnin da ya wuce, ya bazu, shi kuwa na asalin tsibirin yana ta ja da baya zuwa ƙuryar daji. A nan ne lamarin ke da sarƙaƙiya, domin baƙon dodon koɗin ya zama naman talaka, mata na tsintarsa suna sayarwa. Wa zai ce musu su bari? Ko tsando, ƙudan da makiyayanmu suka sani da kawo sammore, shigar da shi Principe aka yi, ya yi ta kashe leburori da ciwon barci har aka yi masa yaƙi tsakanin 1911 da 1914. Aka sare daji, aka karkashe aladun da yake shan jininsu, aka sa wa ma'aikata baƙin ƙyalle mai danƙo a baya don ya maƙale. An ci nasara, amma daji ya biya.

Babbar ɓarnar dai gatari ne ya yi ta. Da farko rake aka shuka, da bayin da aka kwaso daga yankin Binin da Neja Delta da Kwango. Har gobe akwai ɓurɓushin harshen Edo a cikin yaren da mutanen Sao Tome ke yi a gida. A 1595 wani bawa mai suna Amador ya jagoranci tawayen da ya ƙone gonaki da yawa, yau gwarzon ƙasa ne. Daga baya aka kawo koko daga Barazil a wajen shekarun 1820, ba na sha da ƙosai ba, na cakulan. Zuwa farkon ƙarni na 20 ɗan tsibirin nan yana kan gaba a duniya wajen fitar da shi, da gumin leburorin ƙwadago daga Angola da wasu wuraren, waɗanda bambancinsu da bayi a takarda ne kawai. Abin ya yi muni har kamfanonin cakulan na Ingila suka daina saye a 1909. Duk inda ƙafa za ta iya tsayawa an sare an shuka. Dajin asali da ya rage, wanda aka mayar gandun Obo a 2006, ya tsira ne saboda tsananin gangare da ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Dutsen da ya haifi dajin shi ne ya ɓoye ragowarsa, tun kafin a rubuta wata doka.

Mu ma muna cikin tarihin nan, ko da ba mu lura ba. Ta Bioko, wanda a da ake kira Fernando Po, koko ya shigo Gana da Nijeriya, kuma yankin Agege na cikin wuraren farko da aka yi manyan gonakinsa, kafin goro ya jawo kakanninmu su kafa zango. Dubban 'yan kudu maso gabashin Nijeriya sun yi ƙwadago a gonakin Sifaniyawa a can, suna kiran wurin Panya, har aka kwaso su a tsakiyar shekarun 1970 lokacin mulkin Macias Nguema, shugaban Gini Ikwatoriya na wancan zamani. A yaƙin basasa daga Sao Tome jiragen agaji ke tashi da dare zuwa filin Uli a yankin Biyafara. A 2001 Nijeriya da Sao Tome suka ƙulla yarjejeniyar haƙo mai a ruwan da ke tsakaninsu, 60 namu 40 nasu. Da sojoji suka yi juyin mulki a can a 2003, shugabansu yana Abuja, kuma Obasanjo ne ya raka shi ya koma.

To yanzu ga tambayar da ta fi wuya. In keɓewa ce ta yi wurin, kuma baƙo ne ya ɓata shi, me ya sa za a ce a ƙara kai baƙi?

Masu goyon bayan yawon buɗe ido suna da hujja mai ƙarfi, kuma ina ganin ba ta da misalin da ya fi na wata 'yar mujiya a Principe. Shekara da shekaru ana jin wani kuka da dare a dajin kudancin tsibirin, ba a san mai yinsa ba. Wanda ya taimaka wa masana suka kai gare ta wani mutum ne da ake wa laƙabi da Bikegila, wanda sana'arsa a da hawa itatuwa ce yana ɗebo 'ya'yan aku don sayarwa. Hawan dare da ya yi ta yi ne ya sa ya san dajin kamar tafin hannunsa. Ya bar waccan sana'ar ya zama ɗan jagora kuma mai gadin gandu. Da aka tabbatar a 2022 cewa mujiyar sabuwar iri ce, aka raɗa mata sunansa. Ilimin bai sauya ba, mai biya ne ya sauya. Haka zancen kunkurun teku. A da ana yanka su a bakin ruwa ana sayar da nama da ƙwai a kasuwa. An kafa dokar hani a 2014, amma doka ba ta cika tukunya. Abin da ya taimaka shi ne ɗaukar wasu daga cikin mafarautan aikin gadin rairayi da dare, da nema wa matan da ke sayar da naman wata sana'a, da kuma baƙon da zai biya don a raka shi ya ga uwar kunkuru tana haƙa rami tana zuba ƙwai. Kunkurun da aka yanka sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Mai rai kuwa zai dawo.

Kuma in ba baƙi ba, me zai zo a madadinsu? Ba zaman lafiya ne zai zo wa dajin ba. A kudancin Sao Tome an ba wani kamfani dubban hekta ya shuka kwakwar manja, har gindin Babban Kare, daf da inda ɗan jinjimin nan ke zaune. Mutanen Principe sun ƙi irin wannan, kuma a 2012 UNESCO ta sa tsibirinsu cikin jerin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi dole ta sayar da wani abu. Ko ta sayar da itacen, ko ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ko kallonsa.

Amma kada a ruɗe mu da hotunan talla. Galapagos, tsibiran ƙasar Ikwado da masanin halittu Darwin ya ziyarta a 1835, su ne madubin kowa a wannan harka, har ana yi wa Sao Tome laƙabi da Galapagos ta Afirka. Suna da dokoki masu tsauri, ana binciken jaka, ba a shiga gandu sai da ɗan jagora. Duk da haka baƙi sun haura 300,000 a 2023, kuma kowane baƙo yana buƙatar abinci da mai da ruwa da mai yi masa hidima, duk jirgin ruwa ke kawowa daga babbar ƙasa, kuma kowane jirgi yana iya zuwa da ƙwaro a kwali. Wani ƙuda da ya shigo musu yana zuba ƙwai a sheƙa, tsutsarsa na shan jinin 'yan tsaki har su mutu. Sai da aka harbe awaki fiye da 100,000 kafin ciyawar manyan kunkuru ta farfaɗo. A Agustan 2024 suka ninka kuɗin shiga daga dala 100 zuwa 200. Ɗan yawon buɗe ido ba ya zuwa da bindiga, amma wutsiyarsa doguwa ce.

Sannan akwai hanya. Kudancin Bioko na cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a Afirka. Ƙauyen Ureka yana samun wajen milimita 10,000 a shekara, kusan abin da Kano ke samu cikin shekara goma. Kunkurun teku iri huɗu ke hawa rairayinsa, birai kuma sun fi yawa a kwarmin Luba da ke kusa. Abin da ya kare su shi ne wahalar zuwa, sai tafiyar kwanaki a ƙafa ko kwalekwale. Da aka shimfiɗa kwalta har Ureka a tsakiyar shekarun 2010, baƙo ya sami sauƙi, mafarauci ma ya samu. Shugaban Gini Ikwatoriya ya haramta farautar birai tun 2007, amma naman biri bai ɓace daga kasuwar Malabo ba, kuma masu sayensa ba mayunwata ba ne, masu kuɗin mai ne da ke ɗaukarsa abincin alfarma. Mota ba ta tambayar wanda ta ɗauko.

Abu na uku shi ne aljihun da kuɗin ke faɗawa. A Principe, tsibirin da mutanensa ba su wuce 10,000 ba, yawancin manyan masaukan baƙi sun taso ne da jarin mutum ɗaya, attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth. Ya samar da aikin yi, ya sa kuɗi a kiyaye daji, wannan ba a musu. Ɗaya daga masaukan tsohuwar gonar koko ce ta Sundy, inda masanin taurari ɗan Ingila, Eddington, ya ɗauki hoton husufin rana a ranar 29 ga Mayu 1919 ya gaskata lissafin Einstein. Amma kwana ɗaya a irin waɗannan wurare ya fi abin da talakan tsibirin ke samu a wata, kuma jikokin leburorin da aka kawo noman koko su ne ke shimfiɗa gado. Ni dai raina bai kwanta da tsarin da tsibiri guda ke rataye a wuyan mutum ɗaya ba, ko da mutumin kirki ne. Sun taɓa ganin irin wannan, sunansa kawai ya sauya. Shi ya sa nake ganin baƙon da ya sauka a ƙaramin masaukin ɗan gari, ya yi mako guda, ya ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen da ke bakin daji, ya ci kifin masuncin wurin, ya fi amfani ga tsuntsun nan a kan babban jirgin ruwa da zai zubo mutum ɗari biyar su yi awa huɗu su koma cin abinci a cikin jirgi.

Wanda ke da niyya daga Legas, ya san kusancin na taswira ne. Ƙasashen biyu ba sa cikin ECOWAS, don haka fasfonmu ba ya buɗe ƙofa haka kawai, sai an nemi biza, kuma sai da katin allurar shawara. Zuwa Sao Tome sau da yawa sai an yada zango a wata ƙasa, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ta cinye yini. Kuɗinsu dobra, an ɗaure shi da yuro, wanda ke nufin mai naira zai ji a jikinsa. Fotugis ake yi, a Malabo kuwa Sifaniyanci, sai dai akwai wani Turancin buroka da ake kira Pichi wanda ɗan Legas zai tsinci abin da zai tsinta a ciki. Mafi yawan mutanen Kiristoci ne, naman yanka zai yi wuya, amma kifi ya wadata, ga ayaba ga manja. Rani a Sao Tome daga Yuni ne zuwa Satumba, shi ne lokacin hawan dutse, wanda ƙololuwarsa ke mita 2,024. Mai son kunkuru kuwa sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A wani ɗan tsibiri da ke kudu, Rolas, akwai alamar layin da ya raba duniya biyu, mutum ya sa ƙafa ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Gini Ikwatoriya ta fi tsauri, ana son takardar izini kafin shiga wasu wurare, kuma ba a ɗaga kyamara barkatai. Annobon kam sai mai tsananin rabo. A 2024 ma an katse musu intanet bayan mazauna sun koka kan fasa duwatsu da nakiya.

Mu da ba ma tafiya sai da ƙullin goro da yaji da 'yar daddawa, a nan sai an yi haƙuri da duk abin da ke da rai ko iri a cikinsa. Ganyen da aka naɗe goro da shi, da taɓon da ya bushe a ƙasan takalmi, su ne irin jirgin da baƙin tsibiri ke hawa. Teku ma ba ta daina aikinta na dako ba. Ruwan da ya kai kwaɗo shi ke kai leda da gorar roba yanzu, har a Principe aka taɓa yin shirin ba mutum gorar ƙarfe ɗaya in ya tara na roba hamsin.

Ko wanda ba zai taɓa zuwa ba yana da hannu a ciki. Aku mai toka-toka da jan wutsiya yana jikin tambarin ƙasar Sao Tome, kuma a Principe yake da yawa. An kwashi irinsa daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya har a 2016 aka amince a hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Alhajin namu yana da guda a keji a bakin rumfarsa. Yana sallama, yana tari irin na maigidansa, in danfo ta wuce ya ɗaga murya yana "Oshodi! Oshodi!" Na tambaye shi, "Baba, daga ina aka kawo shi?" Ya ce wani ne ya zo da su daga wajen Kalaba a cikin kwali, shekarun baya. Su shida ne, in ji shi, biyu suka iso da rai.